Yadda ake tafiyar da baje kolin wata-wata na masu ɗakunan zane a cibiyar fasaha

Cibiyar fasaha ta al'umma da ke ba masu zane, masu sassaƙa da maginan tukwane ɗakunan aiki tana da abin da manyan gidajen tarihi ba su da shi. Mai aikin yana nan cikin ginin, ƙofa biyu ko uku daga bangon da aka rataye zanensa, kuma duk wanda zanen ya burge zai iya takawa ya ga hannun da ya yi shi. Da wannan ne cibiyar Torpedo Factory ta birnin Alexandria, a jihar Bajiniya ta Amurka, ta yi suna tun 1974, lokacin da aka mayar da tsohuwar masana'antar makaman sojan ruwa ta zama ɗakunan masu zane, ƙofofi a buɗe, jama'a na shiga suna kallon ana aiki.

Baje kolin wata-wata shi ne hanya mafi sauƙi ta jawo mutane zuwa ga waɗannan ɗakuna. Sai dai faɗinsa ya fi yinsa daɗi. Kowane wata sai an sauke bango an sake ɗorawa, kuma masu yin hakan galibi su ne masu zanen da kansu, tare da ma'aikaci ɗaya ko biyu da 'yan sa kai. Shirin da ya mutu a wata na biyar, in ka bincika, gajiya ce ta kashe shi, ko rigima kan abin da ba a rubuta ba tun farko. Don haka rabin wannan jagora a kan takarda da kalanda yake, sauran rabin a kan ƙusa da fitila.

Mataki na farko: a raba shekara kafin a raba bango

Ku zauna gaba ɗayanku sau ɗaya ku tsara shekarar dungurungum. Shawarata kada ku cike wata 12. Ku yi baje koli 10 ko 11, ku bar wata ɗaya don shafe bango da fenti, gyaran fitilu, da hutun masu ɗawainiya. Ku ware ɗaya na haɗin gwiwa, inda kowane mai ɗaki zai kawo aiki ɗaya ko biyu, domin wanda layi bai zo kansa ba a wannan shekara kada ya ji an bar shi a baya.

Lissafin mai sauƙi ne. In masu ɗakuna 18 ne, watannin da suka rage kuma 9, to kowane wata na mutum biyu ne. Wajen haɗa su a yi tunani. Mai zanen bango da mai tukwane ko sassaƙa sun fi zama lafiya, don ɗaya bango yake so, ɗaya tsakiyar zaure. Masu manyan zanuka guda biyu a zaure ɗaya kuwa, tun kafin a buɗe za a fara kallon-kallo kan wa zai samu bangon da ke fuskantar ƙofa.

Ba duk watanni ne ɗaya ba. Akwai lokacin da jama'a ke yawan fitowa da saye, akwai lokacin da zaure ke wuni ba kowa. In aka bar wa shugaba shi kaɗai rabon, za a ce ya yi son kai ko da bai yi ba. A jefa ƙuri'a a gaban kowa, a ba mutane mako biyu su yi musaya a tsakaninsu, sannan a rufe. Wanda ya samu wata mai armashi bana, a rubuta cewa baɗi yana ƙarshen layi.

Sai ranar buɗewa. A tsayar da rana ɗaya da ba ta canzawa, misali Alhamis ta farko ta kowane wata. Gidajen nuni na unguwar Pioneer Square a birnin Seattle suna haka tun farkon shekarun 1980, birane da yawa kuma sun ɗauki Juma'ar farko. Amfaninsa shi ne bayan 'yan watanni ba sai kun yi ta sanarwa ba, mutane sun haddace. Daga ranar buɗewar ake ƙirgawa baya: kwana ɗaya na saukewa da toshe ramukan ƙusa, kwana ɗaya fenti ya bushe, kwana biyu na ratayewa da saita haske. Ke nan a zahiri baje kolin "wata guda" ba ya cika wata, kwana huɗu sun tafi. A faɗa wa kowa haka tun yanzu.

Mataki na biyu: takardar yarjejeniya

Tun ran gini, tun ran zane. Shafi biyu sun isa, amma dole su amsa tambayoyin da ke raba abokai. Nawa ne la'adar cibiya a kan abin da aka sayar? Manyan gidajen nuni na kasuwanci sukan ɗauki rabin kuɗin, cibiyoyin al'umma kuwa sukan ɗauki ƙasa da haka sosai, musamman da yake mai zanen yana biyan hayar ɗaki. Ko nawa kuka yanke, ya zama ɗaya ga kowa. Yaushe za a biya mai zane bayan mai saye ya biya? A sa adadin kwanaki, kada a rubuta "nan ba da jimawa ba". Wa ke ɗaukar asara in aiki ya faɗi, ko ruwa ya zuba masa, ko aka sace? In cibiya na da inshora, a karanta a ga ko ta shafi kayan da ba mallakinta ba, don sau da yawa ba ta shafa ba. In babu, a rubuta ƙarara cewa mai aiki ne ke ɗauke da kasadarsa.

Akwai wata matsala da ta keɓanta ga masu ɗakuna a gini ɗaya da zauren nuni, kuma ita ce aka fi kawar da kai a kanta. Mai saye ya ga zane a zaure, ya haura sama wajen mai shi, ya ce: "Bari a sauke, sai in saya a hannunka, mu huta da la'ada." Kowa ya san ana yi. Maganinsa layi ɗaya ne a yarjejeniya: duk aikin da aka nuna, in aka sayar da shi cikin kwana 30 ko 60 bayan rufewa ga wanda ya gan shi a baje kolin, la'adar cibiya na nan. Haka kuma farashin zaure da na ɗaki su zama ɗaya. Mai zanen da ke sayarwa da araha a ɗakinsa ya koya wa masu sayensa su daina saye a zaure ke nan.

A kuma rubuta batun haƙƙin mallaka. A ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Berne ta 1886, wato mafi yawan duniya, haƙƙin kwafi na wanda ya ƙirƙiri aikin ne, kuma sayar da zanen kansa ba ya miƙa wannan haƙƙi sai an yi wata yarjejeniya daban. Saboda haka cibiya na buƙatar izini a rubuce kafin ta sa hoton aikin a fosta ko a Instagram. A nemi izinin talla kawai, kada a zarce.

Mataki na uku: zaɓen abin da za a nuna

Mako takwas kafin buɗewa, mai zane ya kawo suna da jigon baje kolin. Mako shida, ya kawo hotuna masu kyau uku ko huɗu don talla. Mako biyu, cikakken jerin ayyuka da girmansu da farashinsu. Wanda ya makara a na farko, a tuna masa. Wanda ya makara a na biyu, a fara magana da na bayansa, don ya kamata kullum a samu mutum ɗaya a shirye da zai maye gurbi.

Mai fentin mai ya kula da lokaci fiye da kowa. Fentin yakan bushe a taɓawa cikin kwanaki, amma in ya yi kauri cikinsa na nan ɗanye, kuma ba a shafa masa banish na ƙarshe, wato ruwan kariya mai sheƙi, sai bayan wata shida zuwa shekara. Zanen da aka gama daren jiya wari zai cika zaure da shi, ya kuma ɓata rigar mai kallo. Fentin akirilik ba shi da wannan damuwar. Mai tukwane ma ya bar tazara, domin gashin ƙarshe na iya fasa rabin abin da aka sa rai da shi.

Babban aikin wannan mataki shi ne ragewa. Kowane mai zane yana so ya kwaso duk abin da ke ɗakinsa, tunda shekara guda ya yi yana jiran wannan wata. A nan ake buƙatar ido na biyu, wani abokin aiki da ba ya jin nauyinsa. A jera komai a ƙasa, a cire duk abin da ke maimaita maganar da wani aikin ya riga ya faɗa da kyau. In an kawo 30, 18 na iya fin ƙarfi. Ragowar ai ba ɓata suka yi ba, suna ɗakinsa, kuma dama can ake so baƙo ya ƙarasa.

Mataki na huɗu: karɓa

Wannan gajere ne amma kada a tsallake shi don kawai daga sama aka sauko da kayan. A duba kowane aiki gaba da baya a gaban mai shi, a ɗauki hoto, a rubuta duk wani ƙarce ko tsagewa da ya zo da shi, mutum biyu su sa hannu. A liƙa lamba a bayansa daidai da ta jerin. Ana ɗaukar zane da hannu biyu ta gefe da gefe, ba ta saman firam ba, ɗaya bayan ɗaya. Tukunya ba a ɗaga ta ta hannu ko ta baki, ta gindi ake tallafo ta.

Mataki na biyar: ratayewa

Kada a taɓa guduma sai an jingina duk ayyukan a gindin bango, a kan kwali ko soso, an yi ta sauya musu wuri har tsarin ya zauna. Ku fita waje ku sake shigowa kamar baƙi. Abin da ido ya fara faɗawa a kai daga bakin ƙofa, nan ne wurin aikin da ya fi ƙarfi, mai jan mutum ciki. Ƙananan ayyuka masu buƙatar a matso a sa su inda mutum zai tsaya ba tare da ya tare hanya ba. Kada a jera daga babba zuwa ƙarami kamar 'yan makaranta a layi, a cakuɗa su. Ayyuka biyu masu launi mai ƙarfi a raba su, don in suna kusa kowanne zai dushe ɗan'uwansa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rataye zane sama da yawa. Gidajen nuni kan sa tsakiyar zane tsakanin santimita 145 da 152 daga ƙasa. Ku zaɓi lamba ɗaya, a ce 145, ku riƙe ta a duk zauren, ta zama layin da tsakiyar kowane aiki ke hawa ko da girmansu ya bambanta. Ga yadda ake gano wurin ƙusa. A raba tsayin zanen biyu, a ƙara a kan 145, sannan a ja wayar bayansa sama ta miƙe kamar yana rataye, a auna daga nan zuwa saman firam, a debe. Misali zane mai tsayin santimita 80, wayarsa na tsayawa santimita 10 ƙasa da sama: 145 da 40 sun zama 185, a cire 10, ƙusa na shiga a 175. In ƙugiya ake amfani da ita, gindin ƙugiyar ne zai zauna a 175, ba ramin ƙusarta ba. Wannan ɗan bambanci shi ke sa a ga layi ya karkace alhali kowa ya rantse ya auna.

Ƙugiya biyu ta fi ɗaya, don zane ba ya karkacewa duk lokacin da aka buga ƙofa. Aiki mai nauyi a bar waya, a rataye shi kai tsaye ta zobban ƙarfe biyu da ke bayansa. A san irin bangon kafin a huda: na siminti yana buƙatar abin huda da roba a cikin ramin, na allon filasta kuwa sai an nemo katakon ciki ko an sa maƙalin da aka yi dominsa. Kowane aiki a ɗora masa lebur irin na magina, kada a amince da ido.

Akwai tsarin cika bango tun daga ƙasa har rufi, wanda ya samo asali daga baje kolin Salon na Faris, inda a ƙarni na 18 aka riƙa jibga zanuka a fadar Louvre, masu zane suna faɗa kan wa aka kai can ƙololuwa inda ba a gani. Yana da amfani a watan haɗin gwiwa, lokacin da ayyuka suka fi bango yawa. In za a yi shi, a fara shimfiɗa tsarin a ƙasa, a bar tazara iri ɗaya tsakanin firam da firam, kuma a sani cewa faɗan Faris zai iya dawowa. A watan mutum ɗaya ko biyu kuwa, layi ɗaya da sarari wadatacce ya fi.

Sassaƙa da tukwane suna son dandamali mai nauyin gindi wanda ba ya girgiza. A manna gindin ƙananan kaya da kakin da gidajen tarihi ke amfani da shi, wanda ke ɓarewa ba tabo a kan abu mai santsi. A bar hanya mai faɗin aƙalla santimita 91 tsakanin dandamali da bango don keken guragu, da fili mai faɗin santimita 152 inda zai iya juyawa, kamar yadda ƙa'idar gine-ginen Amurka ta masu buƙata ta musamman ta tanada. Ƙofar gudun gobara kuwa, ko da aikin ya fi kyau a gabanta, ba a tare ta.

Mataki na shida: haske

A saita fitila ta sauka a kan zane da kusurwar digiri 30 daga tsaye. In ta fi haka miƙewa ƙasa, inuwar firam za ta rufe saman zanen. In ta kwanta da yawa, hasken zai dawo idon mai kallo, ko inuwar kansa ta faɗa kan aikin. Ƙwan LED ya fi dacewa domin ba ya zafi kuma kusan ba ya fitar da hasken ultrabayolet mai cin launi. A duba kwalinsa, lambar ingancin nuna launi ta kai 90 ko fiye, kuma duk ƙwayayen zauren su zama masu ɗumin launi ɗaya, misali kelbin 3000. Ƙwai ɗaya fari fat a tsakiyar masu ɗumi zai sa zanen da ke ƙarƙashinsa ya yi kamar ba na mutumin ba.

Ma'aunin da masu adana kayan tarihi suka saba bi, wanda littafin Garry Thomson kan yanayin gidajen tarihi ya yaɗa, shi ne luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne) ga takarda, kalar ruwa da yadi, da kimanin luks 200 ga fentin mai. Zauren al'umma ba gidan tarihi ba ne, sabon aiki kuma na 'yan makonni ba zai lalace don ya ɗan haura haka ba. Abin da ba a yi shi ne barin rana ta dira kai tsaye a kan takarda ko yadin rini, domin ɓarnar haske taruwa take yi kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa. A sa labule, a kashe fitilu in an rufe. Laima ta zauna tsakanin kashi 40 da 60 in da hali, kuma kada a rataye takarda a bangon da ke tsatsafo.

Mai zanen gawayi ko alli mai launi ya sa kwali tsakanin zanen da gilashi, kuma ya guji gilashin roba, don yana jan ƙurar zanen ta manne masa.

Mataki na bakwai: rubutu

Katin kowane aiki ya ɗauki sunan mai shi, sunan aikin, shekara, abin da aka yi shi da shi, da girmansa, tsayi kafin faɗi. A sa katunan a gefe ɗaya, a tsayi ɗaya, da manyan haruffa baƙi a kan fari. Bayanin bakin ƙofa kada ya wuce kalma 150. Wani bincike da Jeffrey Smith da Lisa Smith suka yi a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, wanda aka buga a 2001, ya nuna matsakaicin lokacin da mutum ke tsayawa gaban zane kusan daƙiƙa 27 ne. Wanda ba ya ba zanen kansa rabin minti ba zai karanta maka shafi guda a tsaye ba. A faɗi me aka yi, da me aka yi shi, me ya ja hankalin mai shi, a tsaya. A ƙarshen bayanin a rubuta lambar ɗakinsa da lokutan da yake ciki. Wannan layi shi ne ribar zama a gini ɗaya, kuma shi aka fi mantawa.

Farashi ya fito fili, a kan kati ko a takardar da ke kan tebur. Mutane da yawa na jin nauyin tambaya, sai su fita da kuɗinsu.

Mataki na takwas: ranar buɗewa da sauran kwanakin

Awa biyu sun isa. Mutum ɗaya a ƙofa yana ƙirga masu shiga da karɓar lambar waɗanda suka yarda a riƙa sanar da su, mutum ɗaya a teburin ciniki da rasit da jajayen sitika da ake liƙawa a katin abin da aka sayar. Mai zane kada ya zama shi ne mai karɓar kuɗi, aikinsa hira da baƙi. Jawabi minti biyar, ba ƙari. Duk abin sha a ajiye shi nesa da ayyukan. Sauran masu ɗakuna su buɗe ƙofofinsu a wannan yamma, ko da ba watansu ba ne. Abin da aka sayar yana nan a bango har ranar rufewa, sai dai in mai sayen matafiyi ne kuma akwai wani aikin da zai cike gurbin.

Bayan buɗewa zaure yakan yi shiru. A sa wani abu a mako na uku, ko mai zanen ya zagaya da mutane yana bayani, ko ya nuna yadda yake aiki, ko a gayyaci ɗalibai. Tsaron zaure a raba shi a jadawali tsakanin dukkan masu ɗakuna, kuma kowace safiya mai buɗewa ya zagaya ya duba ko firam ya karkace, kati ya ɓare, ko ƙwai ya mutu.

Saukewa

A sauke da jerin da aka karɓi kayan da shi a hannu, a gwada kowane aiki da hotonsa na ranar karɓa kafin mai shi ya sa hannu. Abin da aka sayar a fara rufe fuskarsa da takarda marar asid, sannan leda mai kumfa, kumfar na kallon waje, don in ta taɓa fenti tana barin shaidar zagaye-zagaye. Mai zanen da watansa ya ƙare shi ke cire ƙusoshinsa, ya toshe ramuka, ya goge, ya shafa fenti, don haka a ajiye gwangwanin fentin bangon da lambar launinsa a wuri ɗaya da kowa ya sani. Kafin a miƙa mabuɗi ga mai wata na gaba, a rubuta a littafin zaure mutum nawa suka shigo, ayyuka nawa aka sayar, wane ƙwai ne ke buƙatar canji, da ƙugiya nawa suka rage a akwatin kayan aiki.